Gwaggo Ta Ƙi Tashi

Talata, 1 ga Yuli, 2025

Yaya Dawuda ya zo daga Katsina, ya taho da wani ɗan gwangwan, irin masu sayen matattun motoci su farfasa su auna. Ko gaida Inna bai shiga ya yi ba sai da ya fara kai mutumin kangon bayan gida inda Gwaggo take. Gwaggo motar Baba ce, shi ya raɗa mata sunan don ta girme ni. Mutumin yana zagaya ta yana ƙwanƙwasa ƙofofinta kamar mai zaɓen kankana. Na ce ya ɗauke ƙazamin hannunsa. Yaya ya ce, "Sufyanu, bakinka." Kullum haka. Bakinka, bakinka, sai ka ce shi nasa a aljihu yake ajiye shi.

Mun yi ta yi har Inna ta ɗaga labule. Ga abin da aka tsaya a kai: ranar Asabar 26 ga wata Inna za ta fita takaba ta koma gidansu Kusada. In Gwaggo ta tashi ta kai ta da kayanta, motar ta shiga rabona na gado, ba mai ƙara magana. In ta ƙi, washegari za a zo da babbar mota a ɗauke ta.

Na ce na yarda. Ya yi dariya, wai mota tun azumi ko tari ba ta yi ba.

Tun azumi kam. Baba ya dawo daga ɗaukar fasinja, ya shigo da ita kango, ya ce kansa na sara. Bai sake fitowa da ƙafarsa ba.

Laraba, 2 ga Yuli

Na kai batir caji, na dawo na ɗaura. Na murza makulli. Tana juyawa da ƙarfinta, rrr-rrr-rrr, har kujera na rawa, amma ba ta kamawa. Kamar mai gyaran murya da ya fasa magana.

Ina da tsohon littafin gyaran mota na Turanci da na saya a ƙasa a bakin tasha a Katsina, ba bango, wani ya zubar masa da manja a tsakiya. Ni da aka kora daga aji uku don na gaya wa malami ya yi kuskure, kuma ya yi ɗin, yau ni ke karanta shi ina duba ma'anar kalmomi a waya. Littafin ya ce inji abu uku yake nema: mai, iska, wuta. In yana juyawa bai tashi ba, ɗayansu ne bai iso ba. Ba aljani, ba sammu, ba bakin mutane. Ina son littafin nan. Ba ya ce mini bakinka.

Layar Baba na nan rataye ƙarƙashin sitiyari, jar fata, ta yi baƙi don shafa. Duk safiya sai ya kai hannu ya damƙe ta, ya yi bisimilla, sannan ya murza makulli. In zai fita ma haka. Mun sha yi da shi a kanta. Na kawo masa hujja daga littattafai, na ce wannan rataye-ratayen ba addini ba ne, shi kuwa sai ya ci gaba da taunar goronsa yana kallon hanya. Da so samu ne tun ranar sadakar uku na tsinke ta, amma Inna ta sa na yi alkawarin ba zan cire komai na Malam ba sai ta fita takaba. To na bar ta. Amma ko da ɗan yatsa ba zan taɓa ta ba.

Juma'a, 4 ga Yuli

Bayan masallaci na bi ta majalisar bakin shagon mai shayi. Kamalu bakanike ya hango ni, ya ce, "Injiniya, ina labarin Gwaggo? Ka ƙyale ta, ita ma takaba take." Aka yi dariya. Wani ya ce motar ta san hannun mai ita ne. Na ce da Kamalu mutumin da ke gyaran mota da guduma da rantsuwa ba shi zai koya mini ba, shi da ko sunansa sai an rubuta masa. Dariyar ta mutu. Ya ce, "Allah ya ba ka sa'a," ya juya mini baya.

Da na yi niyyar aron sifanar fulogi a wurinsa. Yanzu sai dai in saya.

Lahadi, 6 ga Yuli

Mai. Na zuƙe tanki da tiyo, ya shiga mini baki, har yanzu in na yi gyatsa fetur nake ji. Tsohon man ya yi ja, yana warin fenti. Na ce shi ke nan, na kama ɓarawon. Na kwance kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, na baje 'yan kayansa a kan tsohon tiren Inna don kada su ɓace a ƙasa, na wanke kowanne, na hura kowace ƙofa da bakina. Na zuba sabon mai. Na cire tiyon da ke zuwa kafireto na gwada famfo, yana tofowa lafiya lau.

Ina aiki ina yi mata magana. Na tsinci kaina ina cewa, "Haba Gwaggo, yi haƙuri mana." Da wani ya ji.

Ba wanda ya ji.

Litinin, 7 ga Yuli

Ba ta tashi ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ruwa tun hantsi. Na rufe bonet na shige ciki na zauna a kujerar fasinja, inda na saba zama. Ruwa na dukan rufinta, ba ka jin komai sai shi. Har yanzu tana warin Baba: goro, man zafi, da turaren nan mai araha da yake shafawa ran Juma'a. A aljihun gaba na sami ɓarin goro ya bushe ya yi kamar dutse, da shatin haƙorinsa a jiki. Na mayar inda yake.

Na duba waya ko akwai wanda zan kira. Abokina Musa yana Abuja yana aikin gini, sai ya ga dama yake ɗauka. Sauran kuwa, wanda bai tafi ba mun ɓata. Duk Kankia, garin da aka haife ni, na rasa mutum ɗaya da zan ce da shi zo ka ga yadda kafireton nan ya yi fes.

Iska ba matsala, na cire matatar na kakkaɓe. Saura wuta.

Asabar, 12 ga Yuli

Abin da littafin bai faɗa ba: gwajin wuta aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya murza makulli, ɗaya ya tsaya a gaban inji ya riƙe fulogi a jikin ƙarfe ya ga ko zai yi tartsatsi. Marubucin ya ɗauka kowa yana da wani.

Na tsaya a ƙofar gida ina kallon masu wucewa. Na koma ciki.

Inna na tsince shinkafa. Na ce, "Inna, za ki murza mini makulli?" Ta dube ni kamar na ce ta hau bishiya. Amma kangon cikin gida yake, ba fita ba ce. Ta gyara mayafi ta biyo ni. Ta daɗe tsaye kafin ta zauna a kujerar Baba. Duk zamansu ba ta taɓa zama a wannan gefen ba.

Na nuna mata makullin. Sai na ga hannunta ya nufi ƙarƙashin sitiyari. Na riƙe mata hannu.

"Inna, kada ki taɓa wannan abin."

"Malam sai ya riƙe ta yake tada mota."

"Malam ya yi ta riƙewa, ta hana shi mutuwa?"

Maganar ta fita kafin in san ta fita. Ta zare hannunta ta ɗora a kan makulli. Na zagaya gaba, na ce murza, ta murza. Na ce sake, ta sake. Fulogi shiru, ko ƙyas. Na gwada babbar wayar da ke fitowa daga kwayil, abin da ke harba wa fulogai wuta, ita ma shiru. Na ɗago da murna zan ce mata na gano, wuta ce ba ta zuwa, sai na ga kujerar ba kowa.

Lahadi, 13 ga Yuli

Tuwo a rufe a ƙofar ɗakina. Na gaida ta, ta amsa ta bayan labule.

Ni dai gaskiya na faɗa.

Talata, 15 ga Yuli

Shagon Chima mai kayan mota. Shi kaɗai ne a garin nan ban taɓa zagi ba, wataƙila don shi yake riga ni. Yana ganina ya ce, "Ɗan Malam Salisu! Bakinka ya zo tun ɗazu, kai sai yanzu ka iso?" Hausarsa ta fi ta Yaya Dawuda daɗi.

Na sayi fulogai, da kwantak, ɗan ƙarfen nan mai buɗewa da rufewa a cikin distiributa wanda ke sa kwayil ya harba wuta, da kondensa. Kwayil kuwa ya ce in ɗauki nasa na gwaji, in ba shi ne ba in dawo masa da shi. Ya kuma nuna mini yadda zan haɗa bakin sitata da sukundireba daga gaban inji, in kunna makulli in bar shi, in juya ta da kaina ina kallon fulogi.

Ya ce, "Babanka fa mutum ne mai taurin kai. Ko gareji ya kai ta, ba ya ba yaro makulli. Shi zai zauna ya tada, shi zai kashe." Na ce na sani, ni ma tuƙi kawai ya koya mini, sai ya tada ta sannan ya matsa ya ba ni sitiyari. Chima ya ce, "To ka ga inda ka gado."

Yanzu dai ba na bukatar kowa ya murza mini komai.

Alhamis, 17 ga Yuli

Sabon fulogi, sabon kwantak, na daidaita tazararsa yadda littafi ya ce, sabon kondensa, kwayil ɗin Chima. Kowace waya na mayar da ita daidai inda na cire ta.

Ba wuta.

Na jefa sifana ta bugi bango, kaji suka watse. Na ce mata tsohuwar banza, gara su zo su yanka ki. Daga baya na goge mata gilashi.

Asabar, 19 ga Yuli

Yaya ya kira. "Ya ake ciki, malam makaranci?" Na kashe wayar.

Inna ta fara ɗaure kaya. Tana naɗe kwanuka cikin tsofaffin zannuwa, tana jera su a buhu. Ɗakin ya fara amsa kuwwa. Sai yau abin ya zauna mini: ran Asabar za ta tafi, ko a Gwaggo ko a motar haya. Ran Lahadi kuma in aka ɗauke Gwaggo, gidan nan ni ne da kaji. Kangon zai zama fili da tabon baƙin mai a tsakiya.

Na ɗauki buhu ɗaya na matsar mata bakin ƙofa. Ta ce, "Allah shi yi albarka." Ba ta dube ni ba, amma ta faɗa.

Litinin, 21 ga Yuli

Na daina canza kaya kamar Kamalu, na koma na karanta shafin da manja ya ɓata, a rana, harafi harafi. Na haɗa fitilar gwaji da ƙwan sigina da waya biyu.

Kwayil baki biyu gare shi. Na kunna makulli na taɓa na farko, fitila ta kama. Wato wuta na isowa daga batir. Na biyun, wanda ke tafiya wurin kwantak, littafi ya ce in inji na juyawa dole fitila ta riƙa ƙiftawa. Ba ta ƙifta ba. Na buɗe kwantak da hannuna, ya kamata ta kama, ba ta kama ba. Ma'ana wani abu na shanye wutar yana zubar da ita a jikin mota kafin ta yi aiki.

Na tsaya ina kallon bakin nan. A zanen littafi waya ɗaya ce a wurin. A Gwaggo biyu ne. Akwai wata siririya baƙa, an naɗe ta da tef, ta lafe a bayan 'yar uwarta. Ni da hannuna na cire ta daga tsohon kwayil na ɗaura a sabo, ban tambaye ta daga ina take ba.

Hadari ya taso, na rufe.

Talata, 22 ga Yuli

Na bi ta da yatsa. Ta bi gefen inji, ta shige wata 'yar ƙofa zuwa cikin mota. Na kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafuna a waje, na haska da waya. Ta bi bayan allon mita, ta sauko, ta shige cikin igiyar fata. Igiyar layar. An yi mata ɗinki a kai, sai wanda ya kwanta kamar yadda na kwanta zai gani. Wata wayar ta fito daga igiyar an ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe.

Ban san iya lokacin da na yi kwance a wurin ba, layar na lilo a saman hancina.

Na tashi na zauna a kujerarsa. Na kai hannu na damƙe ta. Akwai abu mai tauri a ciki. Na matsa. Ƙas.

Makunni ne. Makunni Baba ya sa aka ɗinke a cikin fata. In ya ajiye mota ya matsa, wuta ta zube, ɓarawo ya yi ta murzawa har ya gaji. Kuma wane ɓarawo ne a ƙasar nan zai kai hannu ya matsa layar wani? Ranar da ya shigo da ita da ciwon kai, bai manta ba. Ya kashe ta kamar kullum.

Na murza makulli. Ko juyi biyu ba ta yi ba ta kama. Hayaƙi ya cika kango, kaji na ihu, duk jikinta na kaɗawa, wannan ƙarar tata mai kamar tsohuwa na mita.

Inna ta fito ba takalmi. Ta tsaya a bakin kango ta dafe bango. Rabon gidan nan da wannan ƙarar tun azumi. Ta matso ta leƙo ta taga, ta ga inda hannuna yake.

"Ka riƙe ta ko?"

Na buɗe baki. Bayanin duk yana nan a shirye, waya, kwayil, makunni, ba laya ba ce, ni ke da gaskiya tun farko. Sai na tuna hannunta da na riƙe ran Asabar ɗin nan. Da na bar ta.

Na ce, "Na riƙe, Inna."

Laraba, 23 ga Yuli

Haushi nake ji, kuma ban san wa zan yi wa ba. Shekara da shekaru ina zuba wa Baba wa'azi a motar nan, daga Kankia har Mawashi, fasinja na jinmu, shi yana taunar goro. Kalma ɗaya ta ishe shi ya rufe mini baki. Bai faɗa ba. Ya gwammace ɗansa ya ɗauke shi mai riƙon laya.

Na ɗauko filaya. Siririyar wayar kawai zan datse, mota ta riƙa tashi kamar kowace mota, layar ta zama fata kawai.

Gobe.

Na mayar wa Chima kwayil ɗinsa. Ya ce mene ne ya hana ta? Na ce waya ce.

Asabar, 26 ga Yuli

Yaya ya iso da safe ya tarar da Gwaggo a ƙofar gida tana aiki, kaya a ɗaure a sama. Ya zagaya ta, ya ce, "Wa ya gyara maka?" Na ce shiga baya, gaba na Inna ne.

Inna ta yi wanka ta sa atamfar da ba ta taɓa sawa ba. Duk hanya tana kallon gero ya yi kore shar har inda ido ya tsaya. Wajen wani kwalbati da ruwa ya cinye na rage gudu na bi ta gefen dama, ta ce a hankali, "Haka shi ma yake bi."

A Kusada ana ta shigar da kaya, wani tsoho maƙwabcinsu ya zo gaisuwa, Jaji baduku. Ya leƙa motar, ya sunkuya ya murza layar da yatsu yana duba ɗinkin. Ya dube ni, ya ja ni gefe.

"Kai ne ƙaramin? Kai ka tada ta?"

Na ce ni ne.

"Halan ka ji mi ke ciki." Ya yi dariya ba haƙori. "Ni na ɗinka mashi, shekarar da aka yi ta satar motoci a kasuwanni. Na ce, Malam, yaranka sun sani? Ya ce babban ba ruwanshi da mota. Ƙaramin kau, in ya sani da hantsi, kafin la'asar duk Kankia ta sani."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na juya zan tafi, ya riƙe mini riga.

"Tsaya mana, mai gaggawa. Ya ce a bar shi, wannan da kanshi zai gano. Ba ya sakin abu sai ya ga ƙarshenshi."

Yaya ya hau motar Katsina daga can. Na dawo ni kaɗai. Da zan taho Inna ta miƙo mini ƙullin daddawa da kuka ta taga, ta ce in riƙa cin abinci. Na tsaya a hanya wajen wata tsamiya na ɗan jima. Mota ce ta yi zafi.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ba wanda ya zo da babbar mota. Na dafa taliya ta caɓe. Na ci a cikin Gwaggo.

Juma'a, 1 ga Agusta

Na fara ɗaukar fasinja. Yau bayan masallaci na ajiye ta dab da majalisar mai shayi, da zan tashi na kai hannu ƙarƙashin sitiyari, kuma bisimillar ta fito da irin jan da yake yi mata, ban shirya ba. Kamalu ya gani. Ya miƙe tsaye yana tafa hannu: "Jama'a ku zo ku gani! Ustaz ya koma ga laya! Ina littattafan?" Har mai shayi sai da ya ajiye buta don dariya.

Amsar tana kan harshena, mai kyau ce kuwa, da ta ishe shi har sati.

Na ce, "Kusada za ni. Akwai wuri a gaba in za ka."

Ya tsaya yana kallona kamar bai gane ni ba. Ashe yana da aiki a Mawashi, a kan hanyar. Ya ɗauko jakar sifanunsa ya shigo. A hanya ya kasa kunne ya ce bel ɗin fanka ya saki, in kawo ta gobe ya ɗaure mini. Ya saki ɗin, na ji tun jiya.

Filayar tana nan a aljihun gaba kusa da goron. Ba wani abu ba ne, rana ake yi yau, mutum ba ya son yawan magana.